Tubali Mai Yatsa Huɗu

Tun da muka baro ƙauye muka tare a Faskari ban ƙara yin barcin rana ya yi mini daɗi ba. Ba laifin ɗana ba ne, Allah ya yi masa albarka, shi ya ba ni shagon ƙofar gidansa, ya sa mini fanka da katifa mai taushin da har bayana ke ciwo. Laifin ginin ne. Ɗakin bulo ba shi da kara: in rana ta take ya kwaso zafin duka ya shigo maka da shi, in sanyi ya sauko ya koma randa. Ga masu buga bulo a bayan gidan, injinsu na kama gurnani tun da hantsi. Nakan ɗauki buzuna in koma gindin dalbejiya in zuba musu ido, tun da ba ni da gonar zuwa. A zuba yashi, a zuba siminti, a danna, bulo ya fito da kusurwoyinsa kamar an yanka sabulu, kowanne sak ɗan'uwansa, ba ka iya cewa ga wanda ya yi shi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, in sun jera shi a rana sai su jawo tiyo su yi ta ba shi ruwa safe da yamma. Na tambaya, aka ce ai ruwan ne ke ƙara masa ƙarfi. Na ce to. Mu dai da muka tashi ba abin da mai tubali ke tsoro irin ruwa, yanzu kuma an ce shi ne abincinsa. Ko duniyar ce ta juya, ko ni ne na daɗe a cikinta, ban sani ba.

Ana nan sai ɗan nawa ya shigo mini da magana. Ya ce hanya ta ɗan yi sauƙi, mutanen daji sun ja baya, har wasu sun fara komawa suna sharar gona. Ya aika an duba gidanmu, aka ce masa babu sauran abin da ke tsaye. Ban yi mamaki ba. Ginin ƙasa in ya rasa mai yi masa yaɓe, damina kaɗan ce sai ya durƙusa, balle mu da muka fito da kayan jikinmu ko ƙofa ba mu ja ba. Shawararsa ita ce ya samo tifa a kwashe tarin ƙasar a zubar a kududdufi, a share filin, ya tayar mini da ɗaki na bulo da rufin kwano, in zama ya daidaita in koma in ƙarasa kwanana inda aka yanke mini cibiya. Magana ce ta ɗa nagari. Amma da na ji ya ce a zubar, sai na dakatar da shi. Na ce ya ba ni lokaci. Shi ya ɗauka tsoron hanya nake yi, ni kuwa na kasa gaya masa ƙasar ce ba na so a taɓa, don ban san ta inda zan fara ba, kuma ni kaina ban tabbata na gane dalilina ba.

A zamaninmu tubali ba sana'ar wani ba ce, aikin kowa ne kamar noma. Da an kai dawa rumbu, ruwan kududdufi ya ja baya ya bar baki, sai ka ji dagi na sara ta ko'ina, jakuna na kai da komo da mangala. Baba, wato mahaifina, ba ya yarda da ƙasar sama, ya ce wannan ta dawa ce, a bar wa dawa abinta. Sai an haƙa an tarar da ja mai danƙo, ya ɗebo ya tofa mata yawu ya murza tsakanin tafukansa. In ta yi igiya ba ta tsinke ba ya gyaɗa kai, in ta wargaje ya watsar ya ƙara gaba. A tara ta a fili, a farfasa hoge, a buɗe tsakiyar tarin a tuttula ruwa. Sannan a kawo ramno, busasshiyar ciyawar nan da doki ya kwana a kai ya tattake da kashinsa da fitsarinsa, wadda muke roƙowa a gidan mai gari. Ita ce jijiyar tubali, in babu ita rana na dukansa zai dare. Sai mu samari mu naɗe wando mu faɗa ciki har gwiwa. Har yanzu ina jin wannan caɓal-caɓal a kunnena, da sanyin ƙasar da safe yana ratsa ƙashi, da ashar ɗin wanda ya taka ƙaya. In kun tattake ba a nan za ku fara curi ba. A lulluɓe ta da kara a tafi, a dawo a juya da fartanya a sake takawa, a sake tafiya, har sai warinta ya canza ya koma tsami-tsami kamar na ƙullun koko. Mu da ƙuruciya ke ɗiba mukan ƙosa, Baba ya ce ƙasa kamar mutum ce, in ba ta yi barci ba rigima take nema.

Curin kuwa da hannu ne, babu akwati babu ma'auni. Ka yanko daidai abin da tafukanka biyu za su riƙe, ka mirgina shi a kan busasshen garin ƙasa, ka buga gindinsa da ƙasa ya zauna, ka matse kansa ya yi tsini, ka ajiye a layi. In ya sha rana a kwantar da shi gindin ma ya bushe. In ka ƙwanƙwasa ka ji ya amsa da ƙarfi, ya nuna. In ya yi maganar ciki, da saura. Kaji su bi ta kai su bar sawu, akuya ta zo ta yi nata ɓarnar, a bi ta da jifa. Kuma kowane tubali na ɗauke da shatin yatsun mai shi, har magini na bisa katanga in an cilla masa ya cafe zai iya cewa wannan na wane ne, malalaci. 'Yan matan da ke kawo mana ruwa a tulu su ma ba su bar mu ba. A cikinsu akwai wata mai baki, wadda ta dubi layina ta ce tubalina kamar gwanda ta faɗo daga bisa. Na ji haushi ƙwarai, na kwana ina tsara amsar da zan ba ta. Ita ce ta haifi yaran nan duka, Allah ya jiƙanta, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ban samu amsar ba.

Shekarar da aka sa bikinmu, sharaɗin mahaifinta ɗaya ne: ɗaki. Ya ce shi ba ya kai 'yarsa inuwar itace, in ɗaki ya tsaya kafin a gama shuka a ɗauki amarya, in bai tsaya ba kowa ya kama gabansa. Ba wasa yake ba, don akwai wani mai sayen auduga a Mairuwa da ke aiko masa da gaisuwa, shi kuwa ɗakinsa har da kwano. Na zuba ƙarfina duka. Na haƙa, na taka, na bar ta ta yi barcinta yadda Baba ke so, na cura tubali ya cika filin bayan gidanmu, na tsaya ina kallonsa kamar mai garke. Lissafin kowa akwai sauran rana, ko gawo bai fara zubar da ganye ba. Rannan da azahar sai gabas ta haɗe. Tsofaffi suka ce iska ce kawai za ta yi ta wuce. Ba ta wuce ba. Muka fito da zana da tabarmi da duk abin da hannu ya kai gare shi, har da zanen gadon innata, amma ina, ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya, tubalin kuwa bai gama shan rana ba. Ina tsaye ina gani kawunansu suka sunkuya, layi ya shiga layi, jan ruwa ya kama hanyar kududdufin da na haƙo shi. Kafin la'asar ramin ya cika fal, ba sauran wurin sa dagi. Washegari mutane suka saɓa sungumi suka nufi gona, wasu suka yi mini jaje a kan hanya kamar an yi mini rasuwa.

Baba bai yi mini jaje ba. Shi dama ba mutum ne mai taushin baki ba, ban taɓa jin ya ce mini sannu ba ko da na yi aikin jaki. Da gari ya waye na fito sai na tarar da kayansa a tsakar gida, buzu da buta da akwatin tufafinsa, shi kuma yana bisa turakarsa yana yaye rufi. Turakar nan ita ce ɗaki mafi kyau a gidan, kakana ne ya gina ta da hannunsa. Inna ta fito ta ɗora hannu a ka ta ce, "Malam, mi kaka yi haka?" Bai dube ta ba, ni ya duba.

"Kai, tsayuwa ka zo yi? Ɗauko dagi. Ka bi layi a hankali, kada ka hwasa mani ko guda."

A wajenmu akwai al'ada: ƙasar ɗakin mai gida ba a zubar da ita, ba a kuma ba bare. In ya rasu ɗakin ya tsufa, 'ya'yansa su sauke shi su sake kwaɓa ƙasar su tayar da nasu, haka take bin gida daga uba zuwa ɗa. Amma sai ya rasu. Ba a sauke ɗakin mutum yana numfashi, ana ganin kamar kiran ajali ne. Shi ya sa kafin hantsi ƙanen Baba ya iso yana haki, ya tsaya a ƙasa yana roƙonsa ya sauko, ya ce mutane za su ce mun ƙosa da shi, ya ce aure nufin Allah ne, in ba wannan ba wata. Baba ya bari har ya gama, sannan ya ce, "Ƙasa ta mai neman wurin kwana ce. Ni na yi nawa kwanan." Ya ci gaba da yaye rufinsa.

Haka na bi bangon ina ɓamɓaro tubali ɗaya bayan ɗaya. Suna fitowa lafiyayyu, da ƙarfi kamar dutse, wanda ruwan bazara ba ya yi wa komai. A nan na lura kowanne shatin yatsa huɗu ne a jikinsa, ba biyar ba. Na nuna wa Baba, ya ce ai kakanka gatari ya cire masa ɗan yatsa tun yana saurayi, ka yi aikinka. Ban taɓa ganin kakana ba, ya rasu ba a haife ni ba, amma rannan na wuni ina sa hannuna a cikin nasa. Maƙwabta da suka ga abin ya wuce magana sai suka ajiye sungumi suka shigo, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aka kwaɓa tsohon yaɓen ya zama abin haɗi, aka ɗora, aka rufa, aka kawo amarya ana saura ƙiris a gama shuka. Ko a lokacin ginin Baba faɗa yake yi mini, wai ina miƙa tubali kamar mai ciwon hannu.

Shi kuma ya koma zaure da buzunsa. Zauren na yoyo ta kusurwa, awaki na ratsawa ta kansa, duk mai sallama shi zai fara tayarwa. Rani na kamawa na ce zan tayar masa da sabuwar turaka, ya ce baɗi. Baɗi ta zo, ya ce baɗi. Na taɓa cura tubalin ba da saninsa ba, ya sa aka yi rumbu da shi. A zauren nan ya tsufa, a nan aka yi masa wanka. Inna ta ce so ne, irin na mutanen da ba su iya faɗa da baki ba. Ƙanensa ya ce taurin kai ne, ba ya son surukina ya ga gazawarmu. Ni kuma wani lokaci nakan ce ko shi ma ya yarda da al'adar, ya ɗauka tun ranar da ya yaye rufin ya gama da duniya, sauran duk jira ne a bakin ƙofa. Na kai shekarun da ya rasu har na wuce, na zaci in na tsufa zan gane. Ban gane ba.

Wannan ita ce ƙasar da za a loda a tifa. Na ce wa ɗana ba zan ce e ko a'a ba sai na gani da idona. Ya yi ta kawo uzuri, na kafe, ya samo mota muka fita da sassafe da sharaɗin mu juyo kafin la'asar. Da muka isa ban gane garin ba. Ashe katanga ce ke yin hanya, in ta faɗi sai ka rasa ina ne lungu ina ne tsakar gidan wani. Na yi ta dawurwura a garin da aka haife ni kamar baƙo, sai da tsamiyar ƙofar gidanmu ta cece ni. Gidan ya zama tudu guda, tafasa ta bushe a kansa. Na tsaya ina neman inda ɗakina yake, inda na Inna yake, inda zauren Baba yake, duk sun narke sun shiga juna. Ƙasar da na zo karewa ban ma san wacce ce ita a ciki ba.

Sai na ji caɓal-caɓal. Na ɗauka kunnena ne ke yi mini wasa irin na tsufa, har na ga ɗana shi ma ya juya. Muka zagaya bayan tudun, sai ga wani saurayi ya naɗe wando yana cikin kwaɓi har gwiwa, ya ci gefen tudun da fartanya. Can gefe an kafa sanduna an rufa leda, wata yarinya mai tsohon ciki na zaune a ƙarƙashi tana fifita da murfin kwano. Ɗana ya daka masa tsawa, ya ce wa ya ba shi. Saurayin ya fito ya durƙusa. Ya ce daga wajen Sabuwa suke, an ƙone garinsu, sun yi ta gaba har suka tsaya nan. An gaya masa masu gidan sun koma birni sun yi na bulo, shi kuwa ga hadari ya fara haɗuwa, ga matarsa yau ko gobe, kududdufi kuma ya yi masa nisa ba shi da jaki.

Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci. Ƙasar kakana, a ƙafar wanda ko sunan garinsu ban sani ba. Na buɗe baki zan yi magana sai idona ya faɗa kan layin da ya cura. Duk sun dare, wasu sun rabe biyu, babu ciyawa a ciki ko ƙwaya, kuma da gani yana kwaɓawa yake curawa. Wallahi sai na ji wannan ya fi ɗibar ƙasar ƙona mini rai. Na tambaye shi ko ya bar ta ta kwana, ya ce bai san ana bari ba, shi a bulo ya tashi. Sannan ya miƙe ya yaye wani buhu a gindin tsamiya, ga tsofaffin tubala a jere, ya goge su tas.

"Baba, ku yi mani aikin gahwara. Waɗanga na iske su lahiya lau cikin tudun, na kasa hwasa su. Wanda ya yi su yatsa huɗu gare shi."

Na ɗauki ɗaya na sa hannuna a cikin shatin. Yatsuna sun kankance, sun shige har da sauran wuri. Ina nan a haka sai na ji ɗana na taɓa ni yana cewa, "Baba, ƙasarmu ce hwa. Gado ce." Shi da ya yi cinikin tifar da za ta zubar da ita a kududdufi. Ban ga laifinsa ba, ni ma abin da ke bakina ke nan tun da muka iso. Na dubi yarinyar, na dubi gabas, ta fara yin duhu-duhu. Na ce wa saurayin ya fara ɗora harsashi da masu yatsa huɗun, ya tono sauran 'yan'uwansu a hankali ya bi layi kada ya fasa ko guda. Na aike shi ya kwaso tsohon bunun jinka da kashin jaki, tun da doki ya ƙare a garin. Sannan na miƙa wa ɗana tubalin da ke hannuna, na tuɓe takalmi, na naɗe wando. Ƙasar na da sanyi kamar yadda na bar ta.

Mun dawo Faskari bayan la'asar, ɗana na ta faɗa a mota, ni ina kankare jar ƙasa daga farcena. Maganar tifa ba ta sake tasowa ba. Ina nan a shagon ƙofar gida, duk mai sallama ni yake fara tayarwa, jikoki na ratsawa ta kaina da kekunansu. Kwanaki ya ce in sanyi ya wuce zai tayar mini da ɗaki a ciki, na ji bakina ya ce baɗi, ban san lokacin da ta fito ba. Masu buga bulo na nan suna ba shi ruwa, ina nan ina kallonsu. In tsofaffin garinmu sun zo gaisuwa sukan tambaye ni ko gaskiya ne gidanmu ya rushe, wasu kuma su ce sun ji na kyautar da gadon ubana ga baƙo. Ni kaina ban san wanne ne ya faru ba. Abin da na sani, wani mai kai hatsi ya gaya mini yarinyar ta sauka lafiya a cikin ɗakin, namiji, kuma damina ta wuce bai yi yoyo ba.